Amsa ga ɗan'uwan da ke son juye kaset-kaset ɗin bidiyon mahaifinsa zuwa kwamfuta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Ka ce kun buɗe adakarsa kun tarar da kaset-kaset na bidiyo goma sha huɗu, har da na dawowarsa daga aikin Hajji da na bikin yayarku, kana tambayar wace 'yar na'urar USB mai shigar da hoton kaset cikin kwamfuta za ka saya, wace manhaja za ka sa, ko kuwa ya isa ka kunna a talabijin ka ɗauka da waya. Na yi irin wannan aikin a gidanmu, kaset sama da talatin, na kwashe kusan wata biyu ina yi da daddare, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba.

Kada ka sayi komai tukuna, kuma don Allah kada ka zura ko ɗaya daga cikinsu a bidiyon da ba ka gwada ba. Yawancinmu muna zaton aikin yana wajen 'yar na'urar USB ne, alhali kuwa yana wajen bidiyon da zai juya kaset ɗin. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina tun 2016, ka ga duk wanda za ka samu yau tsoho ne, bel ɗinsa ya saki, man cikinsa ya bushe. Ni da wanda ya shekara da shekaru a kan kabad ɗin Hajiyarmu na fara. Na sa kaset ɗin sunan ƙanina, ko minti biyu ba a yi ba na ji ƙara kamar ana murza leda. Zaren ya naɗe a ciki ya tamuke. Har yau daidai inda kakanmu ke riƙe da jaririn yana yi masa addu'a, layi-layi ne kawai a hoton, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Abin yana yi mini ciwo duk sanda na tuna.

Saboda haka ka kai bidiyon wurin mai gyaran rediyo da talabijin, dattijo wanda ya yi zamanin kaset. Ya buɗe, ya goge hed, wato ɗan abin da ke karanta zaren kaset, ya duba bel da 'yar robar da ke matse zare. Idan kai za ka goge da kanka, kada ka sa auduga, tana maƙalewa ta karya hed ɗin. Farar takarda da sifirit mai ƙarfi ake sawa, a dafa a hankali a juya gangar da hed ɗin ke jikinta da yatsa, ba a goga sama da ƙasa ba. Bayan nan ka gwada shi da wani tsohon kaset na fim da ba ka damu da shi ba, ka bar shi ya yi ko rabin awa, ka mayar da shi baya, ka fitar ka duba gefen zaren. In babu bidiyo a gida, wurin masu gyaran ake samun na hannu. JVC, waɗanda su suka fito da tsarin kaset na VHS a 1976, da Panasonic su na fi natsuwa da su, kuma in ka dace da mai S-VHS, wato ingantaccen nau'in VHS, wanda ke da ramin S-Video a baya, kada ka bari ya wuce ka.

Su ma kaset ɗin ka duba su ɗaya bayan ɗaya ta tagar nan ta gaba. In ka ga fari-fari kamar gari a kan naɗin zaren, fumfuna ce, sanyin damina ya shige shi. Ware shi gefe, domin in ya shiga bidiyo zai toshe hed ya kuma shafa wa sauran. Masu lafiya kuwa, ka ɓalle 'yar haƙorin robar da ke bayansu don kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ya goge, sannan ka tura kowanne har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya, zaren ya saki jiki.

Ba ka faɗi girmansu ba. In akwai ƙanana, ka karanta abin da aka rubuta a jiki. VHS-C yana shiga cikin wani gida mai girman kaset ka sa a bidiyo kamar kowanne. Video8 da Hi8 ba su da irin wannan gidan ko kusa, duk wanda ya ce zai sayar maka kada ka yarda, sai dai ka nemo kyamarar da ke cin su. MiniDV kuma hotonsa riga ya zama na kwamfuta, ta wayar FireWire ake kwafe shi yadda yake, awa ɗaya kusan giga 13. Sai batun tsarin launi. Namu na Najeriya PAL ne. Kaset ɗin da aka aiko daga Amurka NTSC ne, wanda aka naɗa daga talabijin ɗin Nijar a wancan lokacin kuwa SECAM ne. In ka ga hoto ya fito baƙi da fari ko yana birgima, ba lallai kaset ɗin ne ya lalace ba, tsarin ne bai zo ɗaya ba.

To, sai 'yar na'urar da ka tambaya. Na fara da irin masu arhar nan marasa takamaiman suna, dubu kaɗan. Hoto ya fito, amma kafin a kai awa ɗaya baki ya riga murya, mai wa'azi ya rufe baki magana tana ci gaba. Na sake aikin kaset shida saboda ita. Waɗanda masu wannan sana'a suka fi ambata su ne I-O Data GV-USB2, Hauppauge USB-Live2 da Elgato Video Capture. Ka guji akwatunan nan masu mayar da hoto HDMI, sukan ja shi ya yi faɗi su kuma ƙona launi. Haɗin ba wuya: wayar nan mai kai uku, rawaya hoto, fara da ja murya. In bidiyonka ɗan Turai ne mai faffaɗan ramin SCART, sai ka nemi kan da ke raba shi zuwa ukun nan, ka tabbatar na fitarwa ne.

Wani abu da ban sani ba sai da na sha wahala: tsohon kaset hotonsa na rawa, saman allo ya karkace, na'urar USB ta rikice ta riƙa zubar da hotuna. Talabijin na haƙuri da wannan rawar, kwamfuta ba ta yi. Maganinsa abin da ake kira TBC, mai daidaita layukan hoto. Na musamman yana da tsada, amma tsohuwar na'urar naɗar DVD ta Panasonic, DMR-ES10 ko ES15, in ka ratsa wayar ta cikinta tsakanin bidiyo da kwamfuta, tana miƙar da hoton sosai. Kaset ɗinmu na hawan sallah sai da na yi haka ya kallu.

A manhaja, OBS Studio kyauta ce kuma ita ta fi sauƙin farawa. Ka sa girman hoto 720 da 576 tunda PAL ne. Hoton kaset rabi-rabi yake zuwa, sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa in mutum ya motsa hannu kake ganin haƙora kamar matsefi. A cikin OBS zaɓi Yadif 2x, mai gyara haƙoran nan, ka sa ɗaukar a 50, motsin zai fito sumul. Ka ajiye fayil ɗin a MKV, ba MP4 ba, domin in aikin ya katse a tsakiya abin da aka riga aka ɗauka ba zai ɓace ba. Ga kaset biyu ko uku da suka fi soyuwa gare ku, shawarata ka koyi manhajar VirtualDub da tsarin ajiye hoto na Huffyuv ko Lagarith, waɗanda ba sa rage komai daga hoton. Suna cin wuri, giga 30 zuwa 40 a awa, amma kaset ɗin Hajjin Baba ya cancanci haka. Daga baya ka matse kwafi da manhajar HandBrake zuwa MP4 don rabawa, ka bar shi a 4:3 yadda aka ɗauke shi, kada ka ja fuskokin mutane don su cika allo.

Aikin ba ya gaggautuwa. Kaset mai E-180 awa uku ne, in an naɗa shi a LP, wato naɗin da zare ke tafiya a hankali, awa shida, kuma haka za ka zauna ya gama. Nan batun wuta ya shigo. Laftof na da batir, bidiyo ba shi da, in aka ɗauke wuta zaren na nan naɗe a jikin ganga. Ka jona shi a inbata ko UPS. Ƙaramin janareta kan sa gurnani a murya, ni da kunnena na ji. Ka sa abin ji a kunne a mintunan farko, kuma rimot na kusa don gyara tirakin, wato daidaita hed da zare, in ƙasan hoto ya fara yayyafi.

Ɗauka da waya daga talabijin kuwa, sai in babu wata hanya. Allon zai riƙa ƙyaftawa, kukan yara da ƙarar fanka duk su shiga.

In ka gama, filas mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, sai ka mayar da shi exFAT. Ajiye kwafi biyu a had dis daban-daban, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, masu matsin kuma ka ɗora a Google Drive. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai daƙile hoton. Kaset ɗin kada ka zubar. Jera su a tsaye, nesa da sifika da zafin rufin kwano.

Sannan ka zaunar da Hajiya ku kalla tare, da biro da littafi a hannunka. A namu, akwai wata tsohuwa da ta bayyana na 'yan daƙiƙoƙi tana raba goro, babu wanda ya gane ta cikinmu sai mahaifiyata, ta ce yayar kakanmu ce, kuma ba ta da hoto ko ɗaya a duniya ban da wannan. Na rubuta sunanta da mintin da ta fito a jikin fayil ɗin.

Ka ɗauko mana hoton bayan bidiyon da ka samu da na rubutun da ke jikin kaset ɗin ka sa a nan, in duba in gaya maka irin wayar haɗin da za ka nema.