Yadda sinadarin zuciya ke taimaka wa dofamin a ƙoda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne zuciya na da hannu a dofamin ɗin da ƙoda ke yi, wato sinadarin nan mai kai saƙo da aka fi sani a ƙwaƙwalwa. Ƙwarai kuwa.

Idan jini ya yi yawa, ɗakunan sama na zuciya sukan miƙe, sai su saki wani homon, wato sinadari mai kai saƙo ta cikin jini, mai suna ANP, wanda Adolfo de Bold ya gano a Kanada a 1981. Saƙonsa ga ƙoda shi ne a fitar da gishiri da ruwa.

Ita kuma ƙoda ba daga ƙwaƙwalwa take samun dofamin ba. Ƙananan bututunta na farko ne ke tsamo wani sinadari mai suna L-DOPA daga ruwan da ta tace daga jini, wani inzayim (sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai a jiki) ya mayar da shi dofamin nan take. Nan ne abin ya fi burge ni. A gwaje-gwajen da aka yi kan ƙodar ɓeraye, an ga ANP yana ƙara kuzarin wannan inzayim, yana sa ƙwayoyin bututun su ƙara shan dofamin, yana kuma rage aikin COMT, inzayim ɗin da ke rusa shi. Ka ga ke nan dofamin zai taru. Su biyun, ANP da dofamin, sai su haɗu su rage gudun famfon da ke mayar da sodiyam, wato sinadarin gishiri, cikin jini, gishirin ya bi fitsari, ruwa ya bi shi, hawan jini ya sassauta.

Sai dai mafi yawan wannan bayani daga dabbobi aka samo shi. Don Allah kada wani ya taɓa maganinsa na hawan jini saboda shi ba tare da likita ba.