Amsa ga Kawu kan zauren kiɗan da muke zuwa a Shikago

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, tambayarka ta iso gare ni, kuma na ga ta cancanci amsa a tsanake domin na san kulawa ce ta sa ka yi ta. Ka ji cewa wasu daga cikinmu mazauna Shikago, har da magidanta da matan aure, muna zuwa wuraren da ake kiɗa da waƙa da dare, ka kuma tambaya ko gidajen giya ne, ko irin gidajen galar da aka sani a gida, da kuma abin da zai kai Bahaushe Musulmi can. Zan bayyana maka yadda abin yake, har da ɓangaren da ba za ka ji daɗinsa ba.

Wuraren da ake kiɗan buluz, wato wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, da na gargajiyar Amurka a wannan birni iri biyu ne, kuma jama'armu sun daɗe da rarrabe su. Akwai kulob na dare, irin su Kingston Mines da Legends, wanda makaɗin jita Buddy Guy ya buɗe a 1989. Cinikin abin sha shi ne babban abin da ke riƙe irin waɗannan wurare, ana kaiwa tsakar dare ana kiɗa, kuma da dare yawanci sai wanda ya kai shekara 21 ake bari ya shiga. Mafi yawanmu ba ma zuwa can. Akwai samari da kan je sau ɗaya don su ga Buddy Guy da idonsu a watan Janairu, lokacin da ya saba yin wasa a gidan nasa, amma magidanci ba ya ɗaukar iyalinsa ya tafi, kuma babu wanda ke ganin hakan a matsayin al'adarmu.

Inda muke zuwa shi ne nau'i na biyu, wato zauren fasaha na unguwa, kuma wanda na fi sani shi ne Old Town School of Folk Music da ke kan titin Lincoln a arewacin birnin. Asalinsa makaranta ce. An kafa ta a ƙarshen 1957, cikin waɗanda suka kafa ta akwai mawaƙi Win Stracke da makaɗi Frank Hamilton, kuma ba don riba ake gudanar da ita ba. A 1998 ta koma wani tsohon ginin ɗakin karatu na birni, aka gyara shi aka fitar da azuzuwa da zaure mai ɗaukar mutum wajen 400. Da rana da yamma za ka ga dattawa da ma'aikata da yara suna shiga da jita ko banjo ko gogen Turawa a rataye, kowa na neman ajinsa. Suna da wata al'ada tun farkon makarantar, idan an tashi daga darasi sai ɗaliban azuzuwa daban-daban su haɗu wuri ɗaya, gwani da ɗan koyo, su kaɗa waƙa guda tare. Ba zan ɓoye maka ba, ranar wasa ana sayar da giya a kantin da ke cikin ginin, kuma wanda ke zaune kusa da kai yana iya riƙe da kofinta. Kusan duk wurin taron jama'a a ƙasar nan haka yake, daga filin ƙwallo har jirgin sama. Abin da muke dubawa shi ne dalilin taruwar mutane, kuma a wannan zaure sauraro ne ya tara su.

Yadda daren wasa ke gudana ya bambanta ƙwarai da abin da muka tashi da shi. Mutum yakan sayi tikiti tun da wuri ta intanet, ya zo kafin lokaci ya zauna a kujerarsa, sannan a rage fitilu. Da makaɗi ya taɓa tsirkiya sai zaure ya yi tsit, babu mai amsa waya, babu mai kai da komo, sai an kai ƙarshen waƙa a yi tafi. Mawaƙin ba ya wasa kowa, ba ya ambaton sunan mai kuɗi ko mai sarauta da ke wurin, babu sanƙira, babu liƙi. Haƙƙinsa yana cikin kuɗin tikiti da abin da zai sayar na faifai a teburin bakin ƙofa bayan an tashi, inda sau da yawa shi da kansa yake tsayawa yana gaisawa da mutane. Tsakanin waƙa da waƙa yakan tsaya ya faɗi wanda ya koya masa ita, da garin da ta fito, da abin da ya faru aka yi ta, kuma wannan bayani ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan ne na koyi mafi yawan abin da na sani na tarihin talakawan ƙasar nan. Sabon zuwa daga gida yakan ji hannunsa na neman aljihu idan kiɗa ya ratsa shi, don haka mukan faɗa masa tun a hanya cewa idan yana son nuna jin daɗi, ya sayi faifan mawaƙin ko ya ba makarantar gudummawa.

Game da abin da ya kai mu kuwa, sai na ɗan yi maka tarihi, domin ba za a gane dalilin ba sai da shi. Kiɗan buluz ya samo asali ne a kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, a tsakanin jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, musamman a gonakin auduga na jihar Misisipi. An haramta bauta a 1865, amma mutanen suka ci gaba da noma wa masu ƙasa a kan rabon amfani, bashi na bin su shekara bayan shekara, ga dokokin wariyar launin fata, ga kisan gilla. Daga wajen 1916 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar kudu suka nufi biranen arewa da yamma, kuma jirgin ƙasan Illinois Central ya sauke ɗimbinsu a Shikago, inda suka shiga aikin mahauta da masana'antun ƙarfe. Mawaƙin buluz Muddy Waters yana cikinsu. A 1941 mai bincike Alan Lomax ya same shi a gonar Stovall ya naɗi muryarsa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, a 1943 kuma ya taho Shikago. Hayaniyar birni ta sa jitar ƙauye ba ta jiyuwa, sai makaɗa suka haɗa ta da lantarki da lasifika, a gidaje da kuma kasuwar titin Maxwell, kamfanin Chess da aka kafa a 1950 kuma ya riƙa buga faifansu. Waƙoƙin nan maganar mutumin da ya bar garinsu ce, wanda haya ta hau kansa, wanda ke kewar mahaifiyarsa, wanda aiki ya ci ƙarfinsa. Yawanci mawaƙi yakan faɗi ɗango ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware maganar, jita ko hamonika tana yi masa amshi. Duk wanda ya bar Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi ya zo yana tuƙa tasi cikin sanyin nan ba ya buƙatar a fassara masa abin da ake nufi.

Akwai kuma wani nauyi da muke ganin yana kanmu. Ƙofar da muka shigo ta cikinta ta buɗe ne da dokar shige da fice ta 1965, a zamanin gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata, kuma yawancin haƙƙoƙin da muke mora a wajen aiki da neman gida su suka sha wuya a kansu. Maƙwabtanmu ne, 'ya'yanmu suna aji ɗaya da nasu. A ganina rashin kyautawa ne mutum ya zauna shekaru a tsakaninsu bai san abin da ya same su ba, kuma a cikin kiɗan nan suka adana babban ɓangare na labarinsu.

Na san za ka so jin ko akwai dangantaka da kiɗanmu na gida. Akwai, amma muna taka-tsantsan wajen faɗinta. Banjo, wanda yau ake gani a hannun fararen fata na yankunan duwatsu, bayi 'yan Afirka ne suka fara ƙera shi a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, da ƙwarya da fata da sanda, kuma danginsa suna nan a Afirka ta Yamma, irin su akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Wanda ya san gurmi, da ya ga hoton tsohon banjo zai gane zubin. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi nazarin da ya nuna kamanni tsakanin buluz na Misisipi da salon mawaƙi ɗaya mai goge ko molo na yankin Sahel, har da ƙasar Hausa, wajen jan murya da lanƙwasa ta. Ni ma idan na ga dattijo shi kaɗai a kan dandamali da jita yana ba da labarin ɗan ƙwadago, marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa nake tunawa, da yadda ya riƙa yi wa talaka waƙa. Duk da haka muna hana 'ya'yanmu cewa buluz namu ne da aka ɗauka. A Amurka aka haife shi, cikin wahalar da kakanninmu da suka rage a gida ba su sha ba, kuma masu shi suna nan da ransu. Baƙi muke a wurin, kuma da ladabin baƙo muke zama. Ranar da muke jin muna da rabo na kai tsaye ita ce ranar da makaɗan Buzaye na Nijar, irin su Bombino na Agadas ko Mdou Moctar, suka biyo ta birnin a rangadinsu. A ranar za ka ji ana gaisawa da Hausa a layin shiga, mutanen Nijar sun fito da rawunansu.

Ta fuskar addini, ba mu taru a kan ra'ayi ɗaya ba, kamar yadda malamai ba su taru ba tun da can. A cikinmu akwai waɗanda suke ganin kayan kiɗa haramun ne, ba sa zuwa, ba sa barin 'ya'yansu su je, kuma babu mai zarginsu ko ya gayyace su don ya gwada su. Akwai waɗanda suke bin fahimtar cewa hukunci yana bin abin da ake faɗa da yanayin wurin. Su ma suna da iyakokinsu. Mukan duba wanda zai yi wasa kafin mu sayi tikiti, domin a cikin buluz akwai waƙoƙin batsa da habaici marasa kyau, kuma ba mu kai yara irin wannan. Sai batun salla, wanda yanayin garin ya sa ya zama abin lissafi. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4:30, don haka mutum ya yi Magariba da Isha'i kafin wasan ƙarfe 8 na dare. A watan Yuni kuwa sai wajen 8:30 take faɗuwa, wato wasa na tsaka, shi ya sa da yawanmu suke barin wasannin dare na bazara, wasu kuma su zauna kusa da ƙofa da alwalarsu, su fita su yi salla a gefe su dawo. Da azumi babu mai zuwa ko kaɗan, daren na masallaci ne.

Fitar da ta fi tara iyalanmu ita ce bikin buluz na birnin, wanda aka fara a 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Muddy Waters. A watan Yuni ake yin sa, a fili, kyauta, kuma tun 2017 babban dandalinsa yana lambun Millennium a tsakiyar gari. Mukan je da rana, mata su dafa shinkafa da kaji su zuba a kula, a shimfiɗa tabarma can baya inda cunkoso bai kai ba, a taso kafin dare ya yi nisa. A nan ne yara suke ganin tsofaffin makaɗan da suka rage daga zamanin ƙaura daga kudu, kuma a hanyar komawa gida ne tambayoyi suke fitowa game da bauta da wariya, mu amsa iyakar saninmu.

Batun sa yara a ajin koyon kiɗa shi ne inda aka fi yin muhawara a tsakaninmu, domin iyaye da yawa sun taso da ganin cewa kiɗa sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ɗan wani gida ba ya taɓa ta. A nan likita ko lauya yana koyon jita da yamma don hutawa, ba wanda zai kira shi maroƙi. Wasu iyayen sun yarda da sharaɗin cewa karatun Alƙur'ani na Asabar da Lahadi ya zo farko kuma sakamakon makarantar boko kada ya ja baya, wasu kuma sun ce sauraro ya isa. Bukukuwanmu na aure da suna kuwa suna nan yadda ka san su. Mukan kama ɗakin taro, a sa waƙoƙin gida, idan an yi sa'a wani mawaƙi ya zo daga Najeriya ko Gana a yi masa liƙi da dala, kuma ba a sayar da giya a wurin.

Ina gaishe da Inna da sauran mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.