Rigar roba da zafin waya: amsoshin wannan mako

Tambaya: Na ga rigar waya ta roba da aka ce an zuba mata girafin, wai tana sanyaya waya. In saya?

Amsa: Malam, wannan tambaya ta ishe ni, domin kullum sai an tallata wa mutane ita. Girafin wani siririn shafi ne na kabon, dangin baƙin da ke cikin fensir, mai saurin wuce da zafi. Roba kuwa ba ta wuce da zafi sosai. Zallarta tana wuce da kusan wat 0.2 ne a ma'aunin masana, alhali jan ƙarfe yana kai wa kusan 400. Ka ga bargo ka lulluɓa wa wayarka.

Gaskiya ne ana cuɗa roba da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Garin kunkunniyar kabon da ke baƙanta taya shi ke hana ta saurin cinyewa, garin silika kuma, wato sinadarin da ke cikin yashi, shi ke hana robar silikon yagewa. Siraran zaruruwan da suka haɗu suka zama roba suna manne wa jikin ƙwayoyin ne, sai ƙarfi ya ƙaru. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne.

Zafi kuwa sai ƙwayoyin sun taɓa juna sun yi masa gada daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka ɗan barbaɗa, kowace ƙwaya tana zaune ita kaɗai a cikin roba, zafin ya tsaya a hanya. Idan aka cika, robar ta sandare, ta daina miƙewa. Ga shi kuma girafin yana son dunƙulewa, inda ya dunƙule nan robar ke fara tsagewa. To, rigar da ke lanƙwashewa lumus a hannunka, nawa aka zuba mata?

Abin da ke damuna shi ne batir, domin zafi ke tsufar da shi. Cire rigar idan za ka yi caji, kuma ka daina buga wasa waya na jone. Na san ku, ba ku iya haƙurin minti talatin.

Tambaya: Robar da ke kan guntayen lantarki (chip) na cikin kwamfutata ta yage, zan iya sa guntun tib a madadinta?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, za ka dafa na'urar. Waccan silikon ce da aka cika da garin alumina, wato sinadarin da ake fitar da alminiyam daga cikinsa, ko makamancinsa don ta kai zafi ga ƙarfen sanyaya. Nemi irinta, mai kauri ɗaya.

Tambaya: Me ya sa farar rigar wayata ta koma ruwan ɗorawa?

Amsa: Hasken rana ne, Hajiya, kuma wanki ba ya fitar da shi. Baƙa za ki saya.