Amsoshin Tambayoyinku: Kalmar "Score" da Masu Sayar da Maki

Wani ɗalibi daga Katsina ya tambaya ko ya sayi sabon ƙamus, domin ya ci karo da "four score" a littafin tarihi, alhali ƙaramin ƙamusinsa cin ƙwallo kawai ya ba shi. Kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka. A tsohon Turanci kalmar "score" tana nufin ashirin, kamar yadda kakanninmu suke cewa hauya idan suna ƙirga wuri, shi ya sa shugaban Amurka Abraham Lincoln ya buɗe jawabinsa na 1863 da "four score and seven years", wato ashirin sau huɗu da bakwai, yana nufin shekara 87. A filin wasa ita ce yadda aka tashi, a makaranta maki ce, wurin makaɗan Turai kuma takardar da aka rubuta kiɗa a cikinta. Idan za ka sayi ƙamus, ka duba takardarsa da ɗinkinsa, domin na jabu sun cika kasuwa, wasu ma da shafuka a ɓace.

Wani matashi kuma yana so ya biya wasu da ke sayar da sakamakon wasannin Turai tun kafin a buga. Wannan caca ce, kuma wanda ya san yadda wasa zai tashi ba zai tsaya roƙon dubu biyunka ba.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata uwa ce daga Gusau. Ɗanta ya samu maki 168 a jarrabawar shiga manyan makarantu ta hukumar JAMB, sai wani ya kira ta ya ce zai mayar da shi 250 idan ta tura naira dubu hamsin, har tana shirin sayar da tunkiyarta. Hajiya, na fahimci damuwarki, amma don Allah ki bar tunkiyar nan a turkenta. Jarrabawar darussa huɗu ce, jimillar makinta 400, a kwamfuta ake yin ta, kuma sakamakon yana ajiye a rumbun hukumar, inda jami'o'i suke dubawa kai tsaye. Abin da mutumin nan zai aiko miki takarda ce da aka gyara lambobinta, wadda za ta yi kyau a ido har ranar tantancewa, sannan asiri ya tonu a kan yaron, shi kuwa mai wayar ya riga ya kashe layinsa. Hukumar ta sha gargaɗi a kan haka, amma duk shekara iyaye suna miƙa guminsu saboda kunyar a ce ɗansu bai ci ba.

Ki sa yaron ya duba makinsa da kansa ta saƙon waya zuwa 55019, da layin da ya yi rajista da shi. Daga nan ku bincika kwalejin kimiyya da fasaha ko wata jami'ar da ke karɓar makinsa, ko kuma kuɗin ya tafi ga darasin share fage kafin jarrabawar baɗi.