Anti, ina so in zama mai rakiyar naƙuda, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Ni matar aure ce ƴaƴana uku, watan jiya ƙanwata ta yi haihuwar fari ni na kwana da ita a asibiti, wlh tsoro kaɗai ya kusa gamawa da yarinyar nan dan ba wanda ya taɓa faɗa mata yadda naƙuda take, ni ce dai ina shafa mata baya ina mata magana har Allah ya sauke ta lafiya. Daga baya na ga a Instagram wai a Turai sana'a ce, doula suke cewa. Shin ita ce ungozoma? Sai na yi makarantar nas? Kuma ana samun na cefane? Daga ƴar'uwarki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya. Toh ki fara riƙe wannan da kyau, doula ba ungozoma ba ce. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta sa hannu ta duba ko mahaifa ta buɗe, ba ta yanke cibi, ba ta allura, ko panadol ba nata ba ne ta bayar. Wannan aikin malaman asibiti ne masu lasisi, a Najeriya hukumar nas-nas da ungozomomi ce ke ba su. Ke naki shi ne abin da kika yi wa ƙanwarki ba tare da kin san sunansa ba, ki zauna daram daga farkon naƙuda har a sauka, ki danna mata ƙugu in ciwon ya taso, ki tuna mata ta ja numfashi, ki taimaka ta tashi ta ɗan zagaya ko ta juya ɓarin hagu, ki ba ta ruwa ta kurɓa in ba a hana ba.

Kalmar doula daga Girkanci take, asalinta mace mai hidima. Wasu likitocin yara biyu ƴan Amurka, Marshall Klaus da John Kennell, su suka bincika abin a ƙasar Guatemala suka ga matan da aka zauna da su naƙudarsu ta fi gajarta, daga baya a 1992 suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar DONA mai horar da masu wannan aiki. A 2017 an tattara bincike 26 da ya shafi mata sama da 15,000, aka ga rakiyar nan tana rage yawan zuwa tiyata, sannan a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a shawarwarinta cewa a bar mace da wanda ta zaɓa a gefenta. Kin ga ashe abin da kakanninmu ke nufi da goyon ciki kenan, sai dai mu kunya ta ɓata mana, uwa tana kunyar ƴar fari, yarinya tana kunyar ta ce wash, kowa ya yi gum har rana ta fito ta faɗi ana cewa da saura.

Shi ya sa ni a ganina rabin aikinki a tsakar gida yake tun ciki na wata shida bakwai, ba a ɗakin haihuwa ba. Ki bi mai cikin tana zuwa awo, yanzu sau 8 ake so. Ki zauna da maigidan, da uwar miji in za ta saurare ki, ki shiga da ladabi dan ita ke da gida, a tsayar da magana tun ido na ganin ido: wane asibiti, wa zai kawo mota ko keke napep in abin ya tashi ƙarfe biyun dare, nawa aka ajiye, wa zai ba da jini in an nema, kuma in maigida ya yi tafiya ya bar izini a fita ba sai an jira shi ba. Wannan na ƙarshen ya ci rayuka wlh. Ki koya musu alamun da ba a jira, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, faya ta fashe naƙuda shiru, ɗa ya daina motsi, ko naƙudar da ta haura awa 12. Doguwar naƙuda ita ke kawo yawancin yoyon fitsarin da ake kai mata gyara asibitin Babbar Ruga a Katsina. In kika ji an ambaci yankan gishiri ko a ɗura mata jiƙo dan ciwo ya ƙaru, ki lallaɓa ki hana.

Batun makaranta, ba sai kin yi ta nas ba. Akwai kwas na kwanaki a intanet, irin na DONA sai kin halarci haihuwa uku kafin su ba ki shaida, amma da dala ake biya kuma da Turanci ne, dan haka kar ki sayar da ɗan kunnenki tukuna. Ki je asibitin unguwarku ranar awo ki gaida babbar ungozomar ki faɗa mata niyyarki, ki roƙi ta bari ki dinga zama kina jin darasin da suke yi wa masu ciki. Nan ne kuma za ki san dokarsu, dan asibitocin gwamnati da yawa ɗaki ɗaya ne gadaje a jere, ba sa barin ɗan rakiya ya shiga, asibitocin kuɗi sun fi sassauci. In an bar ki kar ki yi gardama da nas a gaban mai naƙuda, tambaya za ki yi da murya ƙasa-ƙasa.

Na cefane kuwa kar in yaudare ki, a nan mutane sun saba wannan hidima ce ta zumunci, da farko sai dai turmin atamfa da naman suna. Ki fara da mata uku a dangi ko maƙwabta kyauta, kuma ki shirya wanda zai riƙe miki yaranki ukun nan, dan ranar da aka kira ki ba ki san ko gobe za ki dawo gida ba.