Amsoshin Tambayoyinku: Faɗan Da Har Yau Ban Ga Kamarsa Ba

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, wato faɗa a fim. Na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci mana wuri, domin ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne a Bolari, nan cikin Gombe. Kullum bayan isha'i musu ɗaya muke yi a majalisarmu. Wasu sun ce ba a taɓa faɗa irin na Donnie Yen a Ip Man ba, inda ya tashi mutum goma shi kaɗai. Wasu na bayan Jet Li, wasu Tony Jaa. Kai da ka daɗe kana kallon finafinan Canis, wane faɗa ne ya fi tsaya maka a rai, kuma don me?

AMSA: Maigida tela, Allah ya ƙara kasuwa. Nawa shi ne faɗan ƙarshe na Way of the Dragon, fim ɗin 1972, tsakanin Bruce Lee da Chuck Norris a Kolosiyam, tsohon dandalin nan na birnin Rum a Italiya.

Bari in gaya maka inda na san shi. Tun Gombe na ƙarƙashin jihar Bauchi, kafin a ba mu jiha a 1996, kawuna yana da gidan kallo a Jekadafari. Rumfar kwano ce da aka zagaye da zana, benci takwas, talabijin ɗaya, bidiyo mai kaset, sai ɗan janareto a baya. Ni ne yaron ƙofa, ni ke karɓar kuɗi, ni ke mayar da kaset baya in an gama. Kaset ɗin wannan fim ya sha mayarwa har daidai wurin faɗan ya soma yin layi-layi a fuskar talabijin. Duk da haka in aka iso wurin, mai gyaɗa ma tsayawa yake da farantinsa a hannu.

Ga abin da ido ke gani. Mutum biyu sun haɗu, ba wanda ya ce uffan. Kowa ya tuɓe rigarsa, ya juya wa ɗan'uwansa baya, ya shiga motsa jiki. Bruce Lee na lanƙwasa yatsu da kafaɗu kana jin ƙas-ƙas, Norris na naushin iska. Ba ɗan kallo ko ɗaya sai wata 'yar kyanwa da ke zaune tana zuba musu ido. Da aka fara, akta ne ya sha kashi. Norris, wanda da ma zakaran kareti ne na gaske a Amurka kafin ya shiga fim, ya kai shi ƙasa ba sau ɗaya ba. A nan ne Bruce Lee ya damƙo gashin ƙirjinsa ya tsige, ya hure daga yatsunsa, yaran benci na gaba su kwashe da ihu.

To, wurin da nake so ku lura da shi a majalisarku shi ne abin da ya biyo baya. Bruce Lee ya tashi daga ƙasa, ya share jinin bakinsa, ya tsaya jim. Kana ganin tunani a fuskarsa. Sai ya watsar da tsayuwar da ya fara da ita, ya koma 'yar rawa a kan yatsun ƙafa, yana shiga yana fita, irin takun Muhammad Ali, wanda an san Bruce Lee ya yi nazarin dambensa sosai. Daga nan Norris ya rasa inda zai same shi. Ya kai duka ya sami iska, ya sake kaiwa ya sami iska. Shi ma ya gwada kwaikwayon takun, bai karɓe shi ba. Aka illata masa hannu, aka illata masa ƙafa. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, jikinsa na rawa. Bruce Lee ya girgiza masa kai, alamar ya isa haka. Norris ya ƙi, ya afko da sauran ƙarfinsa, ya mutu a hannunsa. Sannan akta ya je ya ɗauko farar rigar karetin mamacin da baƙar ɗamararsa ya lulluɓe shi.

A ranar da na fara ganin wannan lulluɓin, wani dattijo mahauci da ke zuwa kallo duk daren Juma'a ya ce da ƙarfi, "Wannan ɗan dambe ne!" Sai daga baya na fahimci maganarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe lokacin kaka ya san daɗin wasan yana turmi na biyu, bayan kowa ya ɗanɗani hannun ɗan'uwansa, ya gane ta ina mashi ke fitowa, ta ina garkuwa ke buɗewa. Wanda ya sauya dabara shi ke yin kisa. Kuma ɗan damben ƙwarai in ya kayar da abokin karawarsa yakan miƙa masa hannu. Duk wannan yana cikin faɗan Kolosiyam, cikin minti goma ko ƙasa da haka, ba tare da kalma ɗaya ba. Bruce Lee da kansa ya rubuta fim ɗin, ya kuma ba da umarni. Shekara guda bayan haka, ran 20 ga Yuli 1973, ya rasu a Hong Kong yana ɗan shekara 32.

Game da Ip Man na 2008, ban raina shi ba. Fushin da ke cikinsa na gaskiya ne: sojan Japan sun mamaye garin Foshan, an harbe wani malamin kunfu a gabansa a kan ɗan buhun shinkafa, shi ya sa ya nemi a ba shi mutum goma. Ruwan naushin nan na Wing Chun, salon kunfu na Ip Man, yana girgiza mutum. Sai dai goman nan ba wanda ya koya masa komai a cikinsu. Yadda ya shiga haka ya fita. Ka gaya wa 'yan majalisa su tuna cewa Ip Man na ainihi shi ne malamin Bruce Lee, don haka musun nasu duk cikin gida ɗaya yake.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne a Kumo. Da gaske ne Jackie Chan shi yake yin komai da kansa, ko dabarar kyamara ce kawai?

AMSA: Ƙanena, "komai" ya yi yawa. Yana da ƙungiyar 'yan wasan kasada da suke aiki tare, kuma akwai wuraren da wani ya tsaya masa. Amma manyan da suka yi masa suna da jikinsa ya yi su, kuma jikin ya biya kuɗinsu.

Nemi Police Story na 1985 ka kalli ƙarshensa, faɗan da aka yi a cikin katafaren kanti mai hawa-hawa. Ana jefa mutane cikin gilashi kamar ana sauke buhunan masara, har ma'aikatan fim ɗin suka riƙa yi masa laƙabi da labarin gilashi. A ƙarshe Jackie ya yi tsalle daga hawan sama ya rungumi wani dogon ƙarfe da aka kewaye da ƙananan ƙwayayen lantarki, ya sulalo yana fasa su, ya faɗa ta cikin gilashi a ƙasa. Ya ƙone tafukan hannu, ya ji ciwo a baya da ƙugu. Sau uku aka nuna sulalowar a jere, daga kusurwa daban-daban, don kowa ya ga fuskarsa. A wajen ɗaukar Armour of God kuwa, a tsohuwar Yugoslabiya, ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya fashe, sai da aka yi masa tiyata.

In faɗa zalla kake so, ba tsalle ba, to Wheels on Meals na 1984, wanda Sammo Hung ya ba da umarni aka ɗauka a Basalona. Abokin karawarsa Benny Urquidez zakaran damben hannu da ƙafa ne na gaske. Akwai inda ya kai wa Jackie shuri ta baya, Jackie ya duƙa, iskar ƙafar ta kashe jerin kyandir da ke kan tebur. Abin da nake so a wurin Jackie shi ne ba ya ɓoye zafi. In ya naushi abu mai tauri yarfe hannu yake, in an shure shi a ƙirji kana ganin numfashinsa ya ɗauke. A Drunken Master II na 1994, Ken Lo, wanda a lokacin mai tsaron lafiyarsa ne a zahiri, ya tsaya a ƙafa ɗaya yana zuba masa shuri har ya tura shi cikin garwashin wuta, ya ja jiki a kai ya fito. Ina roƙonka, kallo kawai. Su akwai likita da horon shekaru a bayansu. Jackie tun yana yaro ƙarami aka kai shi makarantar wasan gargajiya ta Sin, ya yi shekara goma ana lanƙwasa shi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Kaltungo. Ni da maigidana muna son finafinan faɗa, amma da yawa cikin na Amurka na yanzu juwa suke sa ni, ba na gane wa ya doki wa. Idona ne, ko kuwa? Sannan mata ba sa irin wannan faɗan ne?

AMSA: Malama, idonki lafiya lau. Laifin na ɗauka ne da tacewa. In jarumi bai iya faɗa ba, sai darakta ya matso da kyamara kusa, ya sa a riƙa girgiza ta, mai tacewa kuma ya yanka hoton gutsi-gutsi: ga hannu ya tashi, ga fuska ta juya, ga mutum a ƙasa. Dukan kansa ba ki gan shi ba, ƙara kawai kika ji. Mutanen Hong Kong na da can ja da baya suke yi da kyamara, ki ga mutum biyu daga kai har ƙafa, ki ga inda duka ya taso da inda ya sauka.

Ki gwada Tom-Yum-Goong na 2005, fim ɗin ƙasar Tailan. Tony Jaa na neman giwayensa da aka sace aka kai Sidni, ya shiga wani gini yana hawa bene yana faɗa, kusan minti huɗu ba a yanka hoton ko sau ɗaya ba. Lokacin da ya kai hawa na ƙarshe ƙafafunsa sun yi nauyi, shurinsa ba ya tashi sama kamar na farko, yana haki. Gajiyar nan ta gaske ce, kuma ita ce ta sa nake komawa wurin. Akwai kuma The Raid na 2011 daga Indonesiya, da salon faɗansu na silat, musamman inda Yayan Ruhian, ɗan siririn mutum, ya ajiye bindiga don ya yi da hannu, daga baya ya tari 'yan'uwa biyu shi kaɗai a ɗaki guda. Amma jini ya yi yawa a cikinsa ƙwarai, sai yara sun yi barci.

Mata kuwa suna yi, har su ba maza kunya. Michelle Yeoh, 'yar Malesiya, ta fara fitowa a matsayin babbar jaruma a Yes, Madam a 1985 tare da Cynthia Rothrock. A Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000, karawarta da Zhang Ziyi a zauren makamai tana cikin waɗanda na fi so. Yarinya na riƙe da takobi mai cin ƙarfe, babbar kuma duk makamin da ta ɗauko sai an sare shi, ta jefar ta ɗauko wani. Ƙuruciya da makami mai kyau a gefe ɗaya, sanin aiki a ɗaya gefen. A 2023 Michelle Yeoh ta ci kyautar Oska ta gwarzuwar jaruma.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon direba ne a Bajoga. Kullum maganar Canis kuke yi. Mu da muka tashi da Indiya fa, ba mu da faɗa?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya, kuna da shi. In ana maganar iya jiki, Indiya na wancan zamani ba su kamo Hong Kong ba, naushi na wucewa nesa da fuska amma a ji ƙara kamar an buga ganga. Sai dai sun iya abin da ke zuwa kafin faɗa. Ka tuna Deewaar na 1975. Amitabh Bachchan lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Bombay, ya ƙi biyan kuɗin da 'yan daba ke karɓa a hannun leburori. Suna can suna nemansa a gari, ashe yana zaune a cikin sito nasu yana jiran su. Ya tashi ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa shugabansu makullin ya ce ya ajiye a aljihu, shi zai zo ya ciro. Ya kuwa ciro. Da ya fito, leburori na yi masa kirari, bai kula kowa ba, ya tafi ya tara kansa a ƙarƙashin famfo. Kawuna yakan ce ko da an ɗauke wuta daidai lokacin da makullin nan ya tashi sama, kuɗin mutane ya riga ya fita.

Mai tambaya daga Dukku da ya nemi bayani kan igiyar da ake ɗaura wa jarumai su tashi sama, saƙonka ya iso, da shi za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.