Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan ajiye motar-gida a sanyin Alberta ta Kanada

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Na ga ka ce ka sayi motar-gida, wadda suke kira RV, a lokacin zafin nan a Edmonton, kuma wannan ne sanyinka na farko da ita, kana tambaya ko rufe ta kawai za ka yi ka ajiye, ko za a iya ci gaba da fita da iyali. Ni shekarata shida da tawa a Calgary, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin komai ka fitar da ruwa. Wallahi duk sauran bayanin da zan yi bai kai wannan ba. Ruwa in ya daskare kumbura yake, yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma bututan motar nan da mahaɗansu na roba ne, ba sa ɗauka. Shekarata ta farko na zubar da tankin ruwan sha na ɗauka shike nan, ashe hitar ruwan zafi cike take, galan 6 a ciki, ga kuma shawa ta waje da na manta da ita gaba ɗaya. Sai watan Mayu da na buɗe ruwa na ji yana tsiyaya ƙarƙashin kabad, tankin hitar ya tsage, katakon ƙasa ya jiƙe, kuɗin da na kashe har yau ina jin zafinsa. Don haka kar ka jira dusar ƙanƙara, farkon Oktoba ya kamata ka gama, dare ɗaya na sanyi ya isa.

Yadda nake yi: na fara zubar da tankin bayi sannan na ruwan wanke-wanke a wurin da aka tanada, in zubar da na ruwan sha, in buɗe bawul-bawul ɗin nan na can ƙasan mota. Hita kuwa sai ka kashe ta ta huce tukuna, ka saki iskar ciki sannan ka kwance marfin, in ba haka ba ruwan zafi zai watso maka. Daga nan ka juya bawul ɗin da ke bayanta don kar antifiriz, wato ruwan da ke hana daskarewa, ya shiga cikinta ka yi asarar galan 6 a banza, ka cire matatar ruwa in akwai. Wasu suna hura iska da kwamfiresa, in za ka yi kar ƙarfin iskar ya wuce PSI 40. Ni dai ina haɗa biyun ne, iska sannan antifiriz, in kunna injin jan ruwa in bi famfo ɗaya bayan ɗaya, na sanyi da na zafi, har sai ruwan hoda ya fito, bayi ma haka, shawar waje ma haka, sannan in zuba kamar kofi ɗaya a kowace magudana. Galan 2 zuwa 3 yana isata.

Don Allah ka kula, antifiriz na RV mai ruwan hoda za ka saya, wanda aka yi don bututun ruwan sha. Na lagireton mota guba ne, kar ya kusanci bututun da yaranka za su sha ruwa daga ciki.

Batir ka cire ka kai gida ka riƙa yi masa caji lokaci-lokaci, domin batir in ya sauka ruwan cikinsa daskarewa yake ya fasa shi, mai cikakken caji kuwa yana jurewa. In na litiyam ne kar ka yi masa caji in sanyi ya kai ƙasa da digiri sifiri. Ka cika tankin mai ka zuba maganin da ke hana mai lalacewa, ka rufe gas.

Sai ɓeraye, wannan namu ne musamman, saboda mu kam ba ma tafiya ba kilishi ba busasshen kifi ba daddawa. Kwashe komai, har garin da ya zube a lungun kabad, ka toshe ramukan da waya da bututu suka bi da soson ƙarfe, firij ka bar shi a ɗan buɗe. Rufin ma ka hau ka duba gam ɗin da ke kewaye da tagogin sama, mu nan Calgary iskar ɗumi da ake kira Chinook takan narkar da ƙanƙara da rana ta sake daskarewa da dare, ƙaramar tsaga sai ta zama babba.

Maganar fita kuwa ana fita, mun kwana a sansanin Tunnel Mountain da ke Banff a Disamba, akwai ɓangaren da yake buɗe duk shekara kuma da wuta. Amma a bushe muke zuwa, ba ma sa ruwa a bututu ko kaɗan, jarkoki muke ɗauka a ciki, alwala a ɗuma ruwa a zuba a buta. Hitar ɗaki tana shan gas sosai kuma fankarta tana iya cinye batir a dare ɗaya, shi ya sa nake neman wurin da zan jona wuta. Tagogi za su yi ta gumi saboda numfashi da girki, ka bar tagar sama a ɗan buɗe ko da kana ganin asarar ɗumi ce.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne hayaƙin nan mara wari, kabon monoksaid. Mun san yadda gawayi a ɗaki lokacin hunturu ko janareta a tsakar gida ya sha hallaka iyali guda a gida, to nan ma haka yake. Kar ka taɓa kunna risho ko kukar gas don jin ɗumi, ka gwada na'urar ƙararrawa kafin ku tashi, kuma ka duba dusar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ko mafitar hita ba.

Shawarata, tunda Edmonton takan kai digiri 30 ƙasa da sifiri har ta wuce a Janairu, bana ka ajiye ta kawai. In kana so ka ɗauko hoton bayan hitar ruwan zafinka ka turo, sai in nuna maka bawul ɗin da za ka juya, don kowace mota da yadda nata yake.